Wifi a gida da wurin aiki: yadda yake tafiya da abin da ya kamata a sani kafin a saya

Koke-koke uku ne suka fi yawa cikin waɗanda masu saurarenmu ke kawo mana bisa zancen wifi. Wani ya ce ɗansa ya aiko masa da akwatin wifi daga Aljeriya, an aje shi a ɗaki, amma da an fito zaure sai rezo ya ɓace. Wata ta ce mijinta da ke Abijan ya biya forfen wata guda don su riƙa gaisawa da yara, sai ga shi ya ƙare cikin kwana huɗu. Wani kuma ya ce da magariba ta yi sai samarin unguwa su jeru a gindin katangarsa, kowa da salula a hannu, shi ko saƙon murya ya kasa turawa. Duka ukun suna da dalili, kuma suna da magani. Mun tattara bayanin nan ne domin mutanen gida da ƴan'uwa na waje da ke biyan kuɗin su san inda kuɗin nasu ke tafiya.

Mine ne wifi

Wifi hanya ce ta haɗa salula, kwamfuta ko na'urar buga takardu da wani ƙaramin akwati ba tare da an ja waya ba. Abin da ke ɗaukar saƙon igiyar rediyo ce, irin wadda ke kawo muku muryarmu, illa dai tasa ta fi gajarta ƙwarai. Tashoshin FM suna aiki tsakanin megahaz 87.5 da 108. Wifi kuwa yana aiki a gigahaz 2.4, wato megahaz 2,400, ko kuma a gigahaz 5. Igiyar FM tsawonta ya kai kamar mita 3, ta wifi a gigahaz 2.4 santimita 12 da rabi ce kawai. Ga kuma bambancin ƙarfi: tashar rediyo na da dogon ƙarfe da na'ura mai ƙarfi, akwatin wifi kuwa abin da yake fitarwa bai kai wat ɗaya ba. Shi ya sa rediyo ke kai wa ƙauyukan nesa, wifi kuma da ƙyar yake ƙetare gida biyu.

Wani bambancin shi ne rediyo magana yake yi ku saurara, wifi kuwa zance ne na ba ni in ba ka. Akwatin yana aika wa salula, salula ma tana maido masa. In muryar akwatin na kai wa gare ku amma ta salularku ba ta kai gare shi, aiki ba ya yiwuwa.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1985 hukumar sadarwar ƙasar ta ba da damar amfani da wasu zangunan igiyar rediyo ba tare da lasisi ba, ciki har da gigahaz 2.4. A 1997 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar farko mai lamba 802.11, wadda gudunta bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. Sunan Wi-Fi ya fito a 1999. Daga nan aka yi ta gyara: Wi-Fi 4 a 2009, Wi-Fi 5 a 2013, Wi-Fi 6 a 2019, Wi-Fi 7 a 2024. Sababbin akwatuna suna karɓar tsofaffin salula, don haka ba dole ba ne a canza komai lokaci guda.

Wifi daban, intanet daban

Nan ne mutane da dama ke ruɗewa. Intanet shi ne ruwan, wifi kuma bututun cikin gida ne da ke raba shi ɗaki-ɗaki. Ana iya ganin alamar wifi ta cika fal a fuskar salula, amma komai ya ƙi buɗewa. Ma'anarsa salular tana jin akwatin sarai, akwatin ne ba ya samun komai daga waje: ko forfe ya ƙare, ko rezon kamfani ya faɗi.

Intanet na shigowa akwatin ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku.

Ta farko, kuma wadda ta fi yawa a wajenmu, ita ce layin salula. Ana saka pis na ɗaya daga cikin kamfanonin da ke aiki a Nijar, wato Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Télécoms, akwatin ya kamo rezon 3G ko 4G daga eriyar kamfani ya raba shi cikin gida.

Ta biyu ita ce wayar fibar, wani siririn zaren gilashi da ke ɗaukar saƙo da haske. Ita ta fi sauri da tsayawa daram, amma sai inda aka shimfiɗa ta, galibi a manyan birane da ma'aikatu.

Ta uku ita ce tauraron ɗan'adam. Kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijar a hukumance a 2025. Taurarinsa na shawagi a nisan kamar kilomita 550 daga ƙasa, kuma farantin da ke kamo su yana buƙatar sararin sama a buɗe, ba ƙarƙashin itace ko rumfa ba. Yana cin wuta fiye da ƙaramin akwatin layin salula sau da yawa, sai a yi lissafin wannan kafin a ɗauko shi.

Mu tuna kuma Nijar ba ta da teku. Babban rabon intanet ɗinmu yana biyowa ne ta wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a ƙasashen gaɓa, sannan ya hauro ta ƙasa. A watan Maris na 2024 da wasu daga cikin wayoyin suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun kwana cikin matsala. A irin wannan rana, ko wane irin akwati gare ku, sai haƙuri.

Kayan da ake samu a kasuwa

Salular da ke hannunku ma tana iya zama akwatin wifi. Cikin saitin kusan kowace salula ta zamani akwai wurin raba intanet. In an kunna shi, wasu za su iya shiga. Ya wadatar ga mutum biyu ko uku na ɗan lokaci, sai dai yana zuƙe batir yana kuma sa salular zafi, kuma mai ita na fita gida kowa ya rasa.

Akwai ƙaramin akwatin aljihu mai batir a cikinsa, wanda ake saka wa pis. Ya dace da matafiyi, ɗan kasuwa ko ƙaramin iyali. Rezonsa bai da nisa, ɗaki ɗaya ko biyu ne.

Akwai babban akwati na aje wa gida, wanda masu sayarwa ke kira rutar, modem ko bokis. Wasu na da eriyoyi a tsaye kamar ƙahonni, a bayansu kuma akwai ramukan da ake soka wayar kwamfuta. Shi ne ya dace da gida mai mutane da yawa, da biro, lakwal, asibiti ko shago.

In gida babba ne, ana ƙara na'urar da ke maimaita rezo. Tana kamo wifin akwatin farko ta sake watsa shi gaba. Amma a sani, irin mai arha tana rage gudu kusan rabi, saboda da baki ɗaya take saurare take kuma maimaitawa. Abin da ya fi shi ne a ja waya daga akwatin farko zuwa na biyu. Wayar kwamfuta irin wannan tana aiki lafiya har tsawon mita 100.

Gigahaz 2.4 ko gigahaz 5

Akwatuna da yawa yanzu suna fitar da suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wannan 5G ɗin gigahaz 5 ake nufi, ba shi da alaƙa da rezon 5G na kamfanonin salula. Gigahaz 5 ya fi sauri, amma ba ya jure bango. Gigahaz 2.4 ya fi tafiya nesa ya fi kuma ratsa katanga, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, domin Bluetooth da wasu na'urori ma nan suke. Dabarar mai sauƙi ce: wanda ke ɗaki ɗaya da akwatin ya shiga 5, wanda ke zaure ko tsakar gida ya shiga 2.4.

A unguwannin Yamai, Maraɗi ko Damagaram inda gidaje ke manne da juna, akwatunan maƙwabta na iya taka wa juna ƙafa, kamar yadda tashoshin FM biyu da ke kusa da juna ke shiga cikin juna a rediyonku. Zangon 2.4 an raba shi tashoshi-tashoshi, kuma uku ne ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. In wifi na yawan tsinkewa alhali kuna kusa da akwatin, a gwada canza tasha zuwa ɗaya daga cikin ukun nan.

Inda za a aje akwatin

Rabin matsalolin da ake kawo mana daga mazaunin akwatin suke. Igiyar wifi na raunana duk lokacin da ta ratsa wani abu. Labule da ƙofar katako ba sa hana ta sosai. Bangon siminti da bangon laka mai kauri irin na soro suna cinye ta da yawa, balle in laka ta sha ruwan damina. Ƙarfe kuwa, wato kwanon rufi, ƙofar ƙarfe, akwatin ƙarfe na kaya ko firji, maido ta yake baya. Ruwa ma yana shanye ta, don haka kada a aje akwatin bayan randa ko tanki. Jikin mutum shi ma galibinsa ruwa ne, shi ya sa rezo ke raguwa in ɗaki ya cika da jama'a.

Ga abin da muke ba da shawara. A ɗora akwatin sama, bisa kanta ko a rataye a bango, kada a bar shi ƙasa. A sa shi tsakiyar inda mutane ke zama. A gidajenmu da ɗakuna ke kewaye da tsakar gida, wurin da ya fi shi ne kusa da taga ko ƙofar da ke kallon tsakar gida, ko ƙarƙashin rumfa inda rana da ruwa ba sa taɓa shi. Eriyoyin a tsaida su tsaye. Kada a kulle shi cikin kwaba don tsoron yara ko ɓarayi, in kwabar ta ƙarfe ce kun kashe shi ke nan.

Akwatin da ke aiki da pis yana da buƙata ta biyu: dole shi ma ya ji eriyar kamfani. A zagaya da shi cikin gida ana duba fitilun da ke nuna ƙarfin rezo, a tsaya inda suka fi cika. A ƙauyen da ke nesa da eriya, wasu akwatunan na karɓar eriyar waje da ake ɗaurawa bisa dogon ƙarfe a fuskantar da ita garin da eriyar take. Kafin a sayi forfe mai yawa, a gwada layin kamfani biyu ko uku a gidan, saboda wanda ke da ƙarfi a Tasawa ba lalle ya yi ƙarfi a ƙauyen da ke bayanta ba.

Wuta, zafi da ƙura

Akwatin gida ba ya cin wuta sosai, galibi wat 5 zuwa 12 ne, kuma da yawansu da bolt 12 suke aiki. Mu ɗauki mai wat 10. In ya kwana ya wuni a kunne, awa 24 ke nan, ya ci wat-awa 240. Batir mai bolt 12 da amfer 40 yana ɗauke da wat-awa 480, amma batir irin na mota ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Ke nan zai riƙe akwatin kwana ɗaya. Da ƙaramin panno na hasken rana da na'urar daidaita caji, ana iya tafiyar da shi inda babu wutar NIGELEC. A duba rubutun da ke bayan akwatin kafin a haɗa shi da batir, domin wasu bolt 9 ko 5 suke so, in aka ba su 12 sai su ƙone.

Yawancin akwatunan gida an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu muna wuce haka. Akwatin da ya yi zafi sai ya riƙa jan ƙafa ko ya mutu ya tashi da kansa. Kada a rufe shi da ƙyalle, kada a manna shi da kwanon rufi, a bar iska na ratsa shi. Lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe ramukansa. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a cire shi daga wuta, musamman mai eriyar waje.

Lambar sirri

Wifin da babu lambar sirri tamkar rumbu ne ba marufi. Duk wanda ya shiga yana cin forfenku, yana rage muku gudu, kuma abin da ya aikata a intanet da layinku zai fito, wanda aka yi rajista da sunanku.

Akwatin na da lambobin sirri biyu. Ta farko ita ce ta shiga wifi, wadda ake ba mutanen gida. Ta biyu ita ce ta shiga saitin akwatin kansa. Ana kai wa saitin ne ta rubuta wani adireshi a salula, sau da yawa 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ainihin naku na rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin akwatin. Da yawan akwatuna suna zuwa da lambar saiti da kowa ya sani, don haka ranar farko a canza duka biyun.

Lambar wifi ba ta gaza harafi 8 ba, kuma gara ta kai 12 ko fiye. Kada a sa lambar tarho, sunan ɗa ko 12345678. A haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka, a cusa lambobi tsakani, a rubuta a takarda a ɓoye. A wurin zaɓen irin kulle, a ɗauki WPA2 ko WPA3. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018. Tsohon da ake kira WEP an daɗe da gano lagonsa, cikin ƴan mintoci ake fasa shi. In akwai wani abu mai suna WPS a kunne, a kashe shi.

A sani kuma salula da yawa na iya nuna lambar wifi da hoton nan mai murabba'i da ake ɗauka da kyamara. Ke nan yaro guda da kuka ba lamba zai iya raba wa abokansa goma. Cikin saitin akwai jerin duk na'urorin da ke ciki. In kun ga baƙi, ku canza lamba. In kuna son taimaka wa maƙwabta, wanda abu ne mai kyau, ku buɗe musu sashen baƙi da yawancin akwatuna ke da shi, da lambarsa daban.

Me ya sa forfe ke ƙarewa da wuri

Akwai awo biyu masu kama da juna. Gudu ana auna shi da megabit a daƙiƙa, yawan forfe kuma da megabait da gigabait, waɗanda muke kira mega da jiga. Bit 8 ke yin bait 1, jiga 1 kuma kusan mega 1,000 ne. Layin da ke gudun megabit 8 yana sauke mega 1 kowace daƙiƙa, wato bidiyo mai mega 60 cikin minti ɗaya. Gudun kuma raba shi ake: megabit 10 tsakanin salula biyar da ke kallo lokaci guda, kowace ta samu 2.

Ga inda ramin yake. Salula na ɗaukar kowane wifi a matsayin na kyauta marar iyaka. Da ta shiga sai ta fara sabunta manhajojinta, ta tura hotuna ma'ajiya, WhatsApp kuma ya sauke duk bidiyon da aka zuba a rukunoni ba tare da ya tambaye ku ba. Salula shida su yi haka dare ɗaya, forfen wata ya tafi. Maganinsa a bi salular kowa a gidan: a kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp, a hana sabunta manhaja sai da izini, a kuma nuna wa salular cewa wannan wifin na awo ne, akwai wurin yin haka cikin saitin Android. Kallon TikTok, YouTube da Facebook shi ke cin mafi yawa. Rage kyawun hoton bidiyo na rage ci sosai. Kiran murya bai cin komai in an gwada shi da kiran bidiyo.

A biro, lakwal da asibiti

Wurin aiki na da nasa tsari. Kwamfutar da ba ta motsi da na'urar buga takardu gara a haɗa su da waya, a bar wifi ga salula da kwamfutar hannu. A raba rezon ma'aikata da na baƙi, don kada mai jiran takarda a ma'aikatar magajin gari ya tsinci kansa rezo ɗaya da kwamfutar da ke ɗauke da bayanan jama'a. Ma'aikaci in ya bar aiki, a canza lamba. In gine-gine biyu ne masu tazara, akwai eriyoyi masu kallon juna da ke kai rezo har kilomitoci, muddin babu gini ko itace tsakaninsu. Wanda kuma ke son buɗe wurin sayar da wifi da tikiti, ya fara tuntuɓar hukumar ARCEP da kamfanin da ke ba shi layi don sanin ƙa'ida.

Masu shiga wifin tasha, kasuwa ko na tikiti su yi hattara: kada a rubuta lambar sirrin asusun kuɗi a shafin da ya buɗe da kansa yana neman ta.

Ga ƴan'uwa da ke aiko da kaya daga waje

Ku tabbata akwatin a buɗe yake. Wanda kamfanin salula na wata ƙasa ya sayar sau da yawa a kulle yake, ba ya karɓar pis ɗin Nijar. Akwatin da aka yi don fibar ko wayar tarho ta gida a Faransa ba shi da ramin pis ma sam. Ku duba cajarsa: wutar Nijar bolt 220 ce, ta Amurka kuwa 120, sai wadda aka rubuta 100 zuwa 240 a jikinta. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka ba lalle su kama zangon 4G na nan ba. Sau da yawa ya fi sauƙi a turo kuɗin a saya a Maraɗi, Tawa, Damagaram ko Yamai, inda za a gwada shi gaban mai saye.

Zancen lafiya

Ana yawan tambayarmu ko wifi na sa ciwo. Igiyarsa dangin ta rediyo ce, ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa babu gamsasshiyar hujja da ke nuna raunanan igiyoyin irin waɗannan na'urori na cutar da lafiya. Abin da iyaye za su fi sa wa ido shi ne yaran da ke kwana bisa salula. Kashe akwatin da dare na maganin wannan, ya kuma tanadi batir da forfe.

In ya ƙi aiki

A bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya kafin a kira mai gyara. A duba ko fitilun akwatin na kunne. A duba ko forfe bai ƙare ba. A cire shi daga wuta, a jira rabin minti, a maida. A gwada da wata salula: in ita ta yi, matsalar ta salular farko ce. A matso kusa da akwatin: in ya yi a kusa, matsalar nisa ce ko bango. A taɓa shi a ji ko ya yi zafi. Akwai ɗan rami a bayansa da ake dannawa da tsinke. Wannan yana goge duk saitin ne har da lambobin sirrinku, ya maida akwatin yadda ya fito daga kamfani, don haka a bar shi sai ƙarshe, kuma in an danna a sake sa sababbin lambobi nan take.

Mai sauran tambaya bisa wannan batu ya kawo ta gidan rediyo ko ya aiko ta hannun wakilinmu na yankinsa, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.